Hular kwano a wasan zamiya kan ƙanƙara: shawarar masu horarwa

Dokar hula ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Italiya ta fi tsanani: inshora dole ce tun 2022, kuma daga Nuwamba 2025 kowa sai ya sa hula. A Ostiriya wajibi ne ga yara zuwa shekara 15, ban da jihohin Tirol da Vorarlberg. Faransa ba ta tilasta ba.

Masu horarwa sun ce a nemi hula mai lambar EN 1077 (ma'aunin ingancin hular zamiya na Turai), wadda ta zauna daram. Idan ta bugu da ƙarfi a sauya ta ko ba tsaga, don soson ciki ya riga ya matse. A gangara kuwa na gaba ke da hanya, kuma kada a tsaya bayan tudu inda na sama ba ya hangowa.