Wai tsofaffin mata a fim sai dai uwar miji da zuwa gidan boka?

Ɗiyar Gusau:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i muna kallo da Inna kakata a waya don an ɗauke wuta, sai ga wata tsohuwa a fim ɗin ta kishingiɗa a kujera tun farko har ƙarshe ba abin da take sai zagin matar ɗanta, Inna ta ce min "wagga ba ta da sana'a ne?" Wallahi na yi dariya amma abin ya tsaya min a rai. Inna ta haura saba'in, har yau ita ke dama fura tana aika yara talla, ita ke riƙe kuɗin adashen unguwa, in mace ta fara naƙuda da tsakar dare ƙofarta ake bugawa. Don mi ba mu ganin irinta a fim? Ko ni ce ban kallo da yawa?

Abu Kaura:
Wa alaikumus salam. Ai tun da anka fara finafinan Hausa na Kannywood da Turmin Danya a 1990 labarin saurayi da budurwa ne ke kawo kuɗi, tsohuwa cikon benci ce. Ko ta hana aure ko ta yi kuka bisa tabarmar salla. Amma ki tuna marigayiya 'yar fim Daso (Saratu Giɗaɗo), Allah ya jiƙanta, ta rasu cikin azumin 2024. Muguwar uwa take fitowa amma in ta shigo sin kowa sai ya natsu, har wanda ya zo kallon jaruma.

Maman Hanifa B/Kebbi:
Amin. Ni abin da ke ban haushi ma shi ne su ɗauko yarinya 'yar talatin su shafa mata hoda a gira su ɗaura mata kallabi wai ita ce uwar jarumi, alhali jarumin ya girme ta! Shi namiji in ya manyanta sai ya koma Alhaji mai kuɗi yana neman ta huɗu, mace kuwa da ta yi aure ta dawo shikenan an miƙa mata carbi. Sannan maganar kuɗi, kun manta hirar dattijuwar 'yar fim Ladin Cima da BBC Hausa a 2022? Ta ce dubu biyu, uku, biyar ake ba ta, wasu masu shirya fim suka fito suka musanta, aka yi ta cece-kuce. Ko ma yaya ne, wanda aka kira don sin biyu ba zai samu na wanda labari ke kansa ba.

Abu Kaura:
Hajiya gaskiya ne, sai dai an ɗan samu sauyi fa. Tun da tashar Arewa24 ta zo a 2014 da finafinai masu dogon zango, ga na YouTube, dole a ba iyaye labarinsu don ba ka cika zango goma da soyayya kaɗai.

Sani Argungu:
Ku leƙa kudu ku gani. King of Boys na 2018 Sola Sobowale ce ke jan fim ɗin gaba ɗaya, dattijuwa 'yar kasuwa mai juya 'yan siyasa, kuma mutane sun kalla. A waje ma 'yar fim Michelle Yeoh ta ci kyautar Oscar a 2023 tana da shekara 60. Mu nan muna da matan da ke saro shinkafa buhu-buhu su turara su kai kasuwa, da zawarawan da rikici ya koro daga ƙauye suna riƙe da jikoki shida bakwai a ɗaki guda. Ba labari ba ne wannan? Marubutan dai Kano suke zaune ba su zuwa nan.

Ɗiyar Gusau:
Malam Sani na karanta wa Inna naka. Ta ce in za su zo su zo bayan la'asar, da hantsi tana da aiki, kuma ba ta yarda a sa mata hoda ba.