Muhawara: a sa wa TL125 injin CG ko a bar shi yadda ya zo?

Garba Bukuru: Jama'a ku raba mu da Oga Sule. Honda TL125 ne na kwato daga hannun 'yan bola jari kafin su sare shi, firam lafiya, tanki lafiya, amma kan injin ya mutu, kam, wato sandar da ke buɗe bawul, ya cinye wurin zamansa. Ni na ce a ɗora masa injin CG125, babur ɗin titi na Honda, a wuce wurin, shi kuma ya rantse ba da hannunsa ba, wai duk tsohon babur ɗin tirayal da aka canza wa inji ya tashi daga tsohon babur, ya koma babur ɗin going.

Oga Sule Makanike: Na faɗa kuma zan maimaita. Garba kai yaro ne a harkar nan, wannan babur tun 1973 Honda ta fara yinsa kuma ba don titi aka yi shi ba, giya biyar ne amma ta ɗaya zuwa ta uku a matse suke saboda hawa dutse a hankali kamar kana tafiya da ƙafa, filawil ɗinsa ma, faifan ƙarfen da ke riƙe juyin inji, ya fi na CG nauyi don kada ya mutu in ka sassauta mai. Ka sa CG ka murɗa a kan dutsen Shere ka ga yadda zai fizge ka ya zubar.

Nura Rikkos: Wai ku tsaya, menene ma tirayal ɗin? tsere ne?

Malam Habu: Ba tsere ba ne Nura. Ana ware wuri mai duwatsu ko rafi, ka bi ta ciki a tsaye a kan babur ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa ba. Ƙafa sau ɗaya maki 1 a kanka, in ka faɗi ko ka fita layi maki 5, wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci. Shi ya sa iskar tayar baya ma ba ta wuce fam 4 zuwa 5, don ta rungumi dutse.

Amma Oga Sule ranka ya daɗe, a nan na rabu da kai. Babur mafi suna a tarihin wasan nan shi ne Ariel 500 ƙirar Ingila mai lamba GOV 132, na gwanin tirayal Sammy Miller, kuma babu abin da mutumin nan bai taɓa ba a jikinsa, ya yi ta cire ƙarfe yana sa mai sauƙin nauyi har ya zama ba ya kama da wanda kamfani ke sayarwa. Daga baya ya koma Bultaco ta ƙasar Sifen, aka gyara Sherpa T da shawararsa, ya je ya cinye gasar kwana shida ta Sikotland a 1965, manyan baburan Ingila masu nauyi tun daga nan ba su sake farfaɗowa ba. To in masu abin da kansu ba su bar babur yadda ya zo ba, mu a Jos ne za mu zama masu gadin asali?

Oga Sule Makanike: Malam karatu ka kawo. Shi Miller ɗin injin Ariel ya cire ya sa na wani? A'a. Gyara daban, sauya zuciya daban.

Injiniya Bala: Wlh nan Oga ya kama ka Malam 😂 Amma ni abin da nake so ku duba, me ya kashe injin tun farko? Kam ɗin yana sama ne yana juyawa a jikin kan injin kai tsaye, da baƙin mai ya yi datti ko ya yi ƙasa shi ke nan ya ci alminiyon. Dalilin da ya sa Honda ta fito da CG125 a 1975 ke nan, ta mayar da kam ɗin ƙasa saboda ƙasashe irin namu da ba a juye mai a kan lokaci. Wato Garba ba hauka yake ba, injin da zai jure mu yake nema, kuma kayansa ko a Farin Gada ka tsaya za ka samu, fistin, rin, kuloci, komai.

Oga Sule Makanike: To ya riƙa juye mai mana! Lalacinsa ne za a ɗora wa babur? Kan injin nan ana kai shi wurin mai dalma a yi masa bushin, ko a nemo na CB125S ko SL125 na Beljiyam tunda gida ɗaya suke. Ni kontak da kondensa masu ba filogi wuta in ya ce a cire a sa CDI, na'urar zamani da ke aikinsu, ban ƙi ba, shok na baya ma a canza, hannu ma a canza, duk wannan da sifana ake kwancewa a mayar gobe. Abin da ba zan yi ba shi ne in ɗauki wutar walda in taɓa firam don wani inji ya zauna.

Malam Habu: Af, ashe dai ka yarda da canji, iyaka kawai kake jayayya a kai. Ko a can Kinlochleven ta Sikotland inda suke gasar baburan kafin 1965 rigimar da suke yi ke nan, a ga babur ɗin Ingila irin Tiger Cub ko BSA da suna tsoho amma rabin jikinsa sabon ƙira ne.

Nura Rikkos: Ni dai tambayata, bayan duk wannan wahala a ina zai hau? Cikin gari an hana babur.

Garba Bukuru: Wa ya ce maka cikin gari? Tsofaffin ramukan kuza na bayan Bukuru kaɗai sun ishe ni, ga tudu ga tsakuwa. Oga Sule, in mai dalman ya iya nawa zai ci, kuma wata nawa zan jira? Don gaskiya ni hawa nake so, ba ajiya a falo ba.

Oga Sule Makanike: Kawo kan injin shago gobe in gani da idona tukuna. Kuma kar ka bari yaran nan su yi wa tankin feshi, fentin da ke jiki na kamfani ne.

Injiniya Bala: Garba in ka fasa, ni ina son tsohon injin, ko a mace.

Oga Sule Makanike: Ba na sayarwa ba ne.

Garba Bukuru: Oga babur ɗin fa nawa ne 😂