Toumaï na Hamadar Jurab: Da Ƙafa Biyu Ya Yi Tafiya?

Malam Isa: Assalamu alaikum. Ga abin da nake so mu tauna. Ƙoƙon kan da tawagar Michel Brunet, masanin burbushin halittu, ta samo a Toros-Menalla, cikin hamadar Jurab a arewacin Chadi, a Yulin 2001, wanda aka laƙaba wa Toumaï, na halitta ce mai tafiya a tsaye, kusan shekara miliyan 7 baya. Hujjata kafar da laka ke bi ta shiga kai. A gwaggon biri tana can wajen ƙeya, ta karkata baya. A Toumaï ta matso gaba tana kallon ƙasa, alamar kan na zaune bisa miƙaƙƙen wuya. Ga fiƙoƙinsa ƙanana, kuma daga tsini suka cinye, saɓanin na birai da ke wasuwa a gefe.

Dakta Zainab: Wa alaikumus salam. Malam, ka tsallake abu guda: a murɗe aka samu ƙoƙon, ƙasa ta danne shi, ya tsattsage. Siffar da kake dogaro da ita ta 2005 ce, lokacin da Zollikofer da abokan aikinsa suka ɗauki hoton cikinsa da na'ura, suka rarraba gutsattsarin a kwamfuta, suka sake jera su. Aikin ƙwararru ne, amma duk gutsuren da aka gusar, mutum ne ya yanke inda zai zauna. Ƙeya ta ɗan goce kaɗan, kusurwar kafar ta canza. Batun fiƙa kuwa, tun 2002 masana Wolpoff da Senut da Pickford suka ce mai yiwuwa macen biri ce, kuma matan birai dama fiƙarsu ƙarama ce. Ƙwaƙwalwar ma ba ta kai santimita kubik 400 ba, daidai da ta birin cimfanzi.

Malam Isa: Ƙwaƙwalwa ba ta shiga nan, Dakta. Lucy, ƙwarangwal ɗin dangin mutum da aka samo a Habasha, mai shekara miliyan 3.2, ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, kuma ƙugunta da gwiwarta sun nuna a tsaye take tafiya.

Aminu: To ai nan gizo ke saƙa, Malam. Lucy na da ƙugu da gwiwa. Toumaï fa? Ƙashin cinya guda da ƙasusuwan hannu biyu. Na cinyar ma gora ce kawai, babu kan da ke shiga ƙugu, babu gindin da ke haɗuwa da gwiwa, alhali a waɗannan wurare biyu ake karanta tafiya: tsawon wuyan ƙashin, da yadda cinya ke karkatowa ciki don ƙafa ta sauka ƙarƙashin jiki. Shi ya sa ƙashi ɗaya ya haifi hukunci biyu. A 2020 Macchiarelli ya ce ba na mai tafiya a tsaye kullum ba ne. A 2022 Daver da Guy suka auna kaurin bangonsa da tsarin cikinsa suka ce na mai tafiya a tsaye ne, ƙasusuwan hannun kuma na mai hawa bishiya. Bayan shekara biyu wasu suka nuna cewa ana samun irin waɗannan alamu a dabbobin da ba sa tafiya da ƙafa biyu.

Dakta Zainab: Kuma ba a haɗe da kan aka samu ƙashin cinyar ba, ƙanena. An jingina shi ga Toumaï ne don babu wani babban biri da aka sani a wurin.

Malam Habu: Ni shekarun ne suka fi damuna. A Kenya da Habasha akwai tokar aman wuta tsakanin shimfiɗun ƙasa, ana auna shekarunta da sinadarin argon da ke cikinta. A Toros-Menalla da dabbobi aka fara: aladen daji Nyanzachoerus da wani dangin dorina mai suna Libycosaurus, aka kwatanta tarin da na Lukeino da Lothagam a Kenya, aka ce shekara miliyan 6 zuwa 7. Awon sinadarin beriliyam na 2008 ya ba da miliyan 6.8 zuwa 7.2. Matsalar ita ce awon na ƙasar ne, ba na ƙashin ba, kuma a Jurab iska na zaizaye ƙasa tana barin ƙasusuwa a sarari. Alain Beauvilain, wanda ya jagoranci fitar da aka samo ƙoƙon kan, ya ce a bisa yashi yake kwance.

Malam Isa: Na karɓi wannan. Sai dai dabbobin wurin duk na zamani ɗaya ne, da iska ta cakuɗa shimfiɗu daban-daban da an ga baƙi a ciki. Kuma ku duba su wane ne: kifi, kada, dorina, birai masu cin ganye, wani doki mai kofato uku, barewa. Bakin tafki ne mai bishiyoyi, da fili a gefe. Halittar da ke hawa bishiya ta kuma sauko ta taka a tsaye ta dace da irin wannan wuri.

Aminu: Ta dace, amma biri ma ya dace da shi, Malam. A nemo mana ƙugu ko tafin ƙafa tukuna.