Neman shekarar da kaka ya rasu

A wata tattaunawa kan yadda mutum zai gano shekarar da kakansa ya rasu, shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da tsofaffin gida, musamman mata. Ba za su ba ka shekara ba, amma za su ce "ya rasu ana takabar wance" ko "kafin rasuwar Sarki Abdullahi Bayero". Wannan ya isa mafari: Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, Sardauna a 1966, sai ka lissafa.

Wasu suka ce a duba bangon tsohon Alƙur'ani da littattafan malam, domin can ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Shekarar Hijira za ka tarar, wadda ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka a yi hattara wajen juyawa.

Maƙabarta ba ta cika taimakawa ba, tunda ba mu saba rubutu a kabari ba. Takardun rabon gado na kotun alƙali sun fi amfani, a ganina, sai kundin adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Wanda kakansa ya mutu a yaƙin Bama (Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu) kuwa, hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth na ajiye sunaye da ranakun mutuwa.