Neman shawara: Baba ba ya jure rufaffen wuri, ga tafiyar Umara ta matso

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, hankalina ba a kwance yake ba. Yayanmu ya biya wa mahaifinmu Umara, ni ce zan raka shi daga Kano zuwa Jidda. Ya haura shekara 70 kuma bai taɓa hawa jirgi ba. Tun rashin lafiyar da ya yi bara ba ya jure rufaffen wuri. Da an ɗaga gilasan mota sai zufa ta karyo masa, ya kama ɓalle maɓallin riga yana cewa a buɗe masa. Kwanan baya a hanyar Wudil har marikin ƙofa ya ja mota na gudu, Allah ya sa a kulle take. Ana cikin haka aka turo min bidiyon wani jirgi da ƙofarsa a buɗe, iska na kaɗa mutane a kan kujerunsu. Shin mutum zai iya buɗe ƙofar jirgi a sama? In kuma Baba ya rikice, me za su yi masa? Ba na son a wulaƙanta min tsoho a bainar jama'a.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya, gyaran jirage ne sana'ata, kuma ta ɓangaren ƙofa ki kwantar da hankalinki. Idan jirgi ya kai ƙafa 35,000 iskar waje ba ta isa mutum ya rayu, shi ya sa ake cusa iska a ciki, a riƙe ta kamar ana ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Iskar cikin nan tana danna bangon jirgi zuwa waje da ƙarfin da ya haura tan 5 a kan kowace murabba'in mita. Ita kuwa ƙofar an ƙera ta yadda sai ta ɗan shigo ciki ko ta ɗaga sama kafin ta fita, kuma wannan motsin ne iskar take hanawa. Ki ɗauka buhun siminti sama da 100 ne aka jingina mata. Ƙarti goma ba za su motsa ta ba, balle dattijo.

Bidiyon da aka fi yawo da shi na jirgin Asiana ne na Koriya ta Kudu, ranar 26 ga Mayu 2023, daga Jeju zuwa Daegu. Gaskiya ne wani fasinja ya buɗe ƙofar gaggawa, amma saura kamar ƙafa 700 su taɓa ƙasa, lokacin da iskar ciki da ta waje sun kusa daidaita. Jirgin ya sauka lafiya, ba wanda ya faɗo, sai mutum 12 da aka kai asibiti saboda numfashi. Saboda haka inda za ki sa ido shi ne lokacin tashi, lokacin sauka, da sanda jirgi ke tafiya a ƙasa.

Ɗan Zariya:
Injiniya, to na Amurka fa da gefen jirgi ya ɓalle suna sama?

Baban Sadiq:
Wannan na Alaska Airlines ne, Janairun 2024, bayan tashinsu daga Portland. Ba hannun fasinja a ciki. Wani murfi ne da ake toshe gurbin ƙofar da ba a amfani da ita, bincike ya nuna kusoshi 4 da ke riƙe shi ba a mayar da su ba tun daga masana'anta. Shi ma ba a rasa rai ba.

Hajiya Babba:
'Yata, ki yi shiru da bakinki kawai, kada ki gaya wa kowa a filin jirgi. Suna ji za su ce ba zai hau ba, kuɗi su salwanta. Ki samo maganin barci ki ba shi kafin a shiga, ki yi masa addu'ar tafiya. Allah zai tsare.

Anti Mai Jirgi:
Hajiya, a gafarce ni, amma ban yarda da ɓoyewar nan ba, kuma maganin barci ba da izinin likita ba haɗari ne. Na yi aikin kula da fasinjoji. Akwai dattawan da irin wannan magani ke ƙara rikita su maimakon ya kwantar da su, su tashi ba su san inda suke ba, ga iskar oksijin da dama ta ragu a sama.

Maman Hanan, abin da muka fi tsoro shi ne abin da ya zo mana ba shiri. Idan kin shigo kin ja shugabar ma'aikata gefe kin ce mata ga halin da mahaifinki yake ciki, za ki ga yadda za a lallaɓa shi. Za a kawo masa ruwa, a buɗe masa ɗan bututun iskar da ke saman kansa, wata ta durƙusa kusa da shi tana masa hira. In fitilar alamar ɗaura bel ɗin kujera ta mutu sai a bar shi ya ɗan taka tare da ke. Amma in ba wanda ya sani, kwatsam aka ga mutum ya nufi ƙofa da ƙarfi, dole a tare shi, don a wannan daƙiƙar ba mai iya bambance mara lafiya da mai mugun nufi. Wani lokacin ma fasinjoji ne ke riga mu kai masa, su kuwa ba a koya musu yadda ake riƙe mutum ba tare da an ji masa ciwo ba. Wulaƙancin da kike gudu nan yake.

Ki nemi kujera nesa da kowace ƙofa. Layin ƙofar gaggawa dama ba a ba marasa lafiya ko tsofaffin da ƙarfinsu ya ragu.

Barista:
In ƙara da ta doka. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba matuƙi ikon sa a tsare fasinjan da ke barazana ga lafiyar jirgi, ya sauke shi ko ya miƙa shi ga hukuma. Gyaran da aka yi mata a Montreal a 2014 ya ba ƙasar da aka sauka ikon gurfanar da shi, kuma amincewar Najeriya ce ta cika ƙasashe 22 da ake buƙata, ya fara aiki a Janairun 2020. An yi wannan ne don masu maye, masu dukan ma'aikata da masu ƙin bin umarni. Takardar likita a hannunki ita ce za ta nuna Baba ba ya cikinsu, musamman tunda ƙasar wasu za ku sauka.

Maman Hanan:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi. Gobe in sha Allahu zan kai shi wurin likitansa. Anti, ta taga zan sa shi ko ta hanya? Kuma yaushe zan sanar da kamfanin?

Anti Mai Jirgi:
Ki tambaye shi da kansa. Wasu ganin waje ke kwantar musu da hankali, amma mai jin an matse shi ya fi samun sauƙi a ta hanya, ke kuma ki zauna dab da shi. Kamfanin ki tuntuɓe su tun yanzu ta hannun ejan ɗinku, don akwai fom da likita ke cikewa kuma yakan ɗauki kwanaki kafin su amsa. In da hali ku fara gwada Kano zuwa Abuja, tafiyar kamar awa ɗaya ce, kafin ku ɗauki ta Jidda mai awa huɗu da wani abu.