Tafkin fadamarmu da na Yauri, asalinsu ɗaya ne?

Ɗalibi daga Argungu:
Assalamu alaikum, malamaina. A fadamar da ke bayan ƙauyenmu akwai wani tafki mai siffar lauje, wanda yake cika da damina, amma kafin bazara ya koma laka, har yara su riƙa haƙo gaiwa a cikinsa. Da na je Yauri kuwa na tarar da ruwa mai faɗi wanda aka ce ba ya ƙafewa. Don Allah yaya kowannensu ya samu?

Malamin labarin ƙasa, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumussalam, ɗana. Siffar laujen nan da ka lura da ita ce amsar tambayarka. Gulbi idan ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin fadamar Rima ba ya tafiya a miƙe, sai ya riƙa lanƙwasa, yana cin gaɓar waje yana tara rairayi a gaɓar ciki. Shekara da shekaru lanƙwasar tana ƙara zurfi, har wata ambaliya ta zo ta yanke wuyanta, ruwa ya bi gajeriyar hanya, laka ta toshe bakunan tsohuwar. Abin da ya rage shi ne tafkinku. Yana ƙafewa ne domin ba shi da zurfi, kuma gulbin da ya haife shi ba ya leƙo shi sai da damina. Kada ka haɗa shi da kududdufi, wanda mutane ne suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini.

Dattijo daga Yauri:
Malam ya yi bayani mai kyau. Namu kuwa aikin ɗan Adam ne, domin a 1968 aka kammala madatsar Kainji a kan Kwara, ruwa ya taru ya yi baya har ya iso mu. Na ga haka da idona ina yaro: tsibiran da Gungawa suke noman albasa da gero suka nutse, aka mai da mutane sababbin ƙauyuka a tudu, tsohuwar Busa ma ta tafi ƙarƙashin ruwa. Dalilin rashin ƙafewarsa shi ne sau biyu yake samun ruwa a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, sannan baƙin ruwa wanda yake tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso nan da sanyin hunturu. Tafkin Bakolori da ke kusa da Talata Mafara shi ma haka aka yi shi, a 1978.

Malama daga Gusau:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina so ɗalibin ya san cewa akwai ire-iren da ba mu da su a nan. Inda ɓawon ƙasa ya tsage ya rufta, ruwa yakan cika ramin, kamar Tanganyika mai zurfin kusan mita 1,470. Manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada ƙanƙara ce ta ƙwaƙule su. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Nyos na Kamaru, wanda yake cikin bakin dutse mai aman wuta. A watan Agusta na 1986 iskar gas da ta taru a ƙarƙashinsa ta fashe da dare, ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobinsu.