Irin wakenmu ya ƙi tsira, laima ce ko zafi?

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta ƙananan manoma tana da rumbun iri: mutum ya ranta da damina, ya mayar da kaka da ɗan ƙari. Wake ne ya gagare mu. Bara ƙwari suka huda shi kaf, sai bana muka zuba shi a buhunan PICS masu leda biyu a ciki, muka ɗaure tam. Ƙwari kam babu ko ɗaya.

Amma da muka gwada tsiro, ƙwaya 100 cikin jiƙaƙƙen tsumma, 41 kaɗai suka fito bayan kwana takwas. Sauran sun ruɓe, wasu da fumfuna. Masarar da ke ɗaki ɗaya da shi ta ba da 90. Kafin ajiya mun shanya waken kwana uku, mun yi gwajin gishiri a kwalba (a girgiza wake da busasshen gishiri a ciki, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to akwai sauran laima), bai manne ba. Sai dai daga buhu ɗaya muka ɗiba, alhali waken mutum tara aka gauraya. Ɗakin kuma rufin kwano ne, da rana kamar tanda.

Wane gwaji zai nuna mana ko laima ce ta kashe irin ko zafin ɗakin, kafin mu karɓi na kaka mai zuwa?